Haɗin Gwiwar Masana Kimiyya Don Raya Yankunan Tsaunuka: Misalin Himalaya

GABATARWA

Kusan kowane babban kogi da ke bisa doron ƙasa, idan aka bi shi aka yi ta hawa, a kan tudu za a tarar da mafarinsa. Kogin Kwara daga tsaunukan ƙasar Gini ya taso, Binuwai kuwa daga tuddan Adamawa na ƙasar Kamaru. Saboda haka abin da ya auku a bisa tsauni ba ya tsayawa can, sai ya gangaro ya iske mutanen da ba su taɓa ganin tsaunin da idonsu ba, waɗanda sau da yawa ma ba ƙasarsu ɗaya da mazaunansa ba. Wannan shi ya sa nazarin tsaunuka ya zama aikin gayya, don kuwa babu ƙasar da za ta san halin da koginta ke ciki alhali tushensa yana hannun maƙwabciyarta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda masana kimiyya na ƙasashe dabam-dabam suka haɗa gwiwa wajen nazarin yankin Himalaya na nahiyar Asiya, da irin amfanin da haɗin gwiwar ya jawo wa talakan da ke zaune can, da kuma inda ya ci tura. An zaɓi Himalaya ne domin babu wani yankin tsaunuka a duniya da rayuwar ɗimbin jama'a ta rataya a wuyansa kamarsa.

MA'ANAR CI GABA MAI ƊOREWA A TSAUNI

Kafin a yi nisa, ya kamata a san abin da ake nufi da ci gaba mai ɗorewa. Maganar ta bazu ne bayan rahoton da wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 1987, ƙarƙashin shugabancin Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norwe. A taƙaice, nufin shi ne mutanen yau su biya bukatunsu ba tare da sun cinye rabon 'ya'ya da jikoki ba.

To, amma tsauni yana da halinsa dabam da na fili, kuma dabarar da ta yi aiki a fili ba lalle ne ta yi a bisa tudu ba. Wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Indiya, Narpat Jodha, ya tsara waɗannan halaye a wajajen 1990. Na farko shi ne wuyar shiga, watau tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba a fili, a tsauni sai ta ci kwanaki a ƙafa. Na biyu shi ne rauni, don ƙasar gangare ba ta da kauri, idan aka yi mata noman ganganci ko aka fasa hanya ba bisa ƙa'ida ba, ruwan sama ɗaya ya isa ya kwashe ta. Na uku shi ne zama saniyar ware, domin mazauna tsauni suna nesa da fadar gwamnati, kukansu ba ya isa inda ake yanke shawara. Na huɗu shi ne yawan bambanci, ta yadda tsakanin gindin tsauni da ƙwanƙolinsa akan sami shinkafa a ƙasa, masara da tamba a tsakiya, sa'an nan sha'ir da dankalin Turawa da makiyaya a can sama. Har wa yau ya ambaci albarkatun da tsauni ya keɓanta da su, kamar tsirran magani da ruwa mai gudu na samar da wutar lantarki, da kuma dabarun zama da mazauna suka gada kaka da kakanni.

Ƙasashen duniya sun amince da wannan keɓancewa ta tsaunuka a babban taron muhalli da aka yi a birnin Rio na ƙasar Barazil a 1992, inda aka ware musu babi na 13 cikin kundin da aka kira Ajanda 21. Daga baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya 2002 ta zama shekarar tsaunuka, kuma tun daga 2003 ake tunawa da su kowace ranar 11 ga Disamba.

FASALIN YANKIN

Yankin da ake magana a kai ya haɗa jerin tsaunukan Hindu Kush da Karakoram da Himalaya da tudun Tibet. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 3,500, ya kuma ratsa ƙasashe takwas: Afganistan, Pakistan, Indiya, Sin, Nepal, Butan, Bangladash da Miyanmar, watau tsohuwar Bama. A nan ne tsaunin Everest yake, mai tsayin mita 8,849. Don mai karatu ya gane girman abin, tsaunin da ya fi kowane tsayi a Nijeriya, watau Chappal Waddi na Jihar Taraba, mita 2,419 ne, ke nan Everest ya ninka shi sau uku da rabi har da ɗoriya.

A irin wannan tsayi dusar ƙanƙara ba ta narkewa duka. Takan taru shekara bisa shekara, ta sama ta danne ta ƙasa har ta daskare ta zama tamkar dutse, sa'an nan nauyinta ya sa ta dinga zamewa a hankali cikin kwari. Wannan shi ne za a kira kogin ƙanƙara a cikin wannan maƙala. Ƙidayar da aka buga a 2011 ta nuna akwai irinsu kimanin 54,000 a yankin, waɗanda suka rufe murabba'in kilomita kusan 60,000, watau filin da ya ɗara ƙasar Togo faɗi. Manyan koguna goma ne suke tasowa daga nan: Amu Darya, Indus, Ganges, Brahmaputra, Irrawaddy, Salween, Mekong, Yangtze, Huang He da Tarim. Bisa ga lissafin 2019, mutum miliyan 240 ne suke zaune a cikin tsaunukan, wasu biliyan 1.65 kuma suna zaune a kwarin kogunan, suna sha suna noman rani da ruwan da ya gangaro.

KAFA CIBIYAR KATMANDU

Shawarar kafa cibiya guda da za ta haɗa masanan yankin ta fara fitowa ne a wani taro da aka yi a birnin Munich na ƙasar Jamus cikin Disamba 1974. A shekarar da ta biyo, hukumar UNESCO ta kira wani taron a Katmandu, babban birnin Nepal, aka ƙarfafa shawarar. A 1981 gwamnatin Nepal da UNESCO suka sa hannu a kan yarjejeniya, Jamus ta Yamma da Suwizalan suka ba da gudummawar kuɗi, aka buɗe cibiyar cikin Disamba 1983. Ana kiranta ICIMOD a taƙaice, ma'anar sunan kuwa ita ce cibiyar ƙasa da ƙasa ta raya tsaunuka ta kowace fuska. Ƙasashen nan takwas su ne mambobinta.

Wanda ya san tarihin yankin zai gane wannan ba ƙaramin abu ba ne. Indiya da Sin sun gwabza yaƙi a kan iyaka a 1962, Indiya da Pakistan kuwa sun yi ta karawa tun daga 1947, har da yaƙe-yaƙen 1965 da 1971 da 1999. A irin wannan hali, samun zaure guda inda masanin ruwa na Pakistan zai zauna da takwaransa na Indiya da na Sin su kwatanta alƙalumansu, lalle abin a lura ne. Cibiyar ba ta da ikon umartar kowace gwamnati. Aikinta shi ne tattara bayani, da horar da ma'aikata, da gwada dabaru a ƙauyuka, da ba da shawara.

KUSKURE NA FARKO: ƊORA WA MANOMI LAIFI

Babban amfanin da haɗin gwiwar masana ya fara yi shi ne warware wani zargi da ya yi ƙarfi a shekarun 1970. A lokacin an yi amanna cewa jama'ar tuddan Nepal sun yi yawa, suna sare daji don itacen girki da sababbin gonaki, ƙasa tana zaizayewa tana cike koguna, shi ya sa ambaliya ke ƙaruwa a Indiya da Bangladash. Littafin da Erik Eckholm ya buga a 1976 ya taimaka wajen yaɗa wannan ra'ayi, har Bankin Duniya ya yi hasashen cewa kafin shekarar 2000 dazuzzukan tuddan Nepal da ake iya kaiwa gare su za su ƙare. Da ambaliyar 1988 ta shafe fiye da rabin Bangladash, sai aka sake nuna manomin tudu da yatsa.

Masana biyu, Jack Ives na Kanada da Bruno Messerli na Jami'ar Bern ta Suwizalan, tare da abokan aikinsu na Nepal da wasu ƙasashe, sun shafe shekaru suna aune-aune a gonaki da rafuka da taimakon Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1986 suka kira taro a Mohonk cikin jihar New York ta Amurka, aka baje hujjoji a faifai, kuma a 1989 suka buga sakamakon a littafinsu mai suna The Himalayan Dilemma. Abin da suka gano shi ne, alƙaluman da aka gina zargin a kansu ba su da tushe mai ƙarfi. Yawancin zaizayar ƙasar Himalaya ta halitta ce, domin tsaunukan har yanzu tasowa suke yi, ga girgizar ƙasa, ga kuma ruwan damina mai tsanani. An kuma ga cewa a wurare da dama an sare dajin ne tun ƙarni na 18 da na 19. Shi kuwa manomin da ake zargi, shi ne mai yanka gangare hawa-hawa kamar matakala don ƙasa ta tsaya, kuma idan gona ta zame shi ne mai gyara ta. Wani binciken da Thomas Hofer da Messerli suka buga a 2006 ya ƙara nuna cewa manyan ambaliyoyin Bangladash suna aukuwa ne idan cikar Ganges da ta Brahmaputra suka zo lokaci guda, suka haɗu da ruwan sama mai yawa a tuddan Meghalaya da cikin ƙasar kanta, da kuma tumbatsar teku. Ashe an bar jaki ne ana dukan taiki.

Wannan gyara ya yi tasiri a kan manufar gwamnati. A 1957 Nepal ta mai da dazuzzuka mallakar hukuma, abin da ya sa mutanen ƙauye suka daina ɗaukarsu a matsayin nasu. Daga 1978 aka fara mayar da su hannun jama'a, da taimakon masana gandun daji na Ostireliya da wasu ƙasashe, sa'an nan dokar daji ta 1993 ta tabbatar da tsarin. Aka kafa ƙungiyoyin masu amfani da daji fiye da 22,000, kowace tana tsara lokacin yankan ciyawa da saran itace, tana kuma hukunta mai keta doka. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa filin da daji ya rufe a Nepal ya tashi daga kashi 26 cikin 100 a 1992 zuwa kashi 45 a 2016. Gaskiya ne ƙaurar matasa zuwa birane da ƙasashen waje ta taimaka, don an bar gonaki da yawa sun koma daji, amma dai hasashen ƙarewar dazuzzuka bai tabbata ba.

KUSKURE NA BIYU: SHEKARAR 2035

Kuskure na biyu ya shafi ƙanƙara. A 2007 kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau IPCC, ya rubuta a rahotonsa cewa mai yiwuwa kogunan ƙanƙara na Himalaya su ɓace kafin 2035. Da aka bi diddigi, sai aka tarar maganar ba daga wani bincike ta fito ba, daga hirar mujalla aka tsinto ta. Cikin Janairu 2010 kwamitin ya amsa cewa an yi kuskure. Abin da ya ba wannan kuskure damar shigewa shi ne ƙarancin awo, domin cikin dubban kogunan ƙanƙaran nan, 'yan ƙalilan ne ake aunawa a kai a kai.

Aunawar kuwa aiki ne mai wuya. Sai masana sun hau sama da mita 5,000, su huda ƙanƙara su kafa sanduna, bayan shekara su komo su ga iyakar abin da ya narke ko ya ƙaru. Masanan Japan sun fara irin wannan aiki a Nepal tun 1973. Masanan Indiya da Faransa suna auna kogin ƙanƙara na Chhota Shigri tun 2002, na Nepal da Faransa kuma suna auna na Mera tun 2007. Daɗin daɗawa, Amurka ta saki tsofaffin hotunan leƙen asiri da taurarinta suka ɗauka a shekarun 1970, aka kwatanta su da na zamani, aka gano a 2019 cewa saurin narkewar ƙanƙarar Himalaya tsakanin 2000 da 2016 ya ninka na tsakanin 1975 da 2000. An kuma gane cewa yankin ba halinsa ɗaya ba, don a Karakoram wasu kogunan ƙanƙara sun daɗe ba su ja da baya ba alhali na gabas suna raguwa.

A 2019 cibiyar Katmandu ta fitar da babban rahoto wanda masana fiye da 350 daga ƙasashe 22 suka yi shekara biyar suna haɗawa. Rahoton ya ce ko da an tsai da ɗumamar duniya a digiri 1.5, kashi ɗaya cikin uku na ƙanƙarar yankin zai narke kafin 2100, idan kuwa aka ci gaba da fitar da hayaƙi yadda ake yi, to kashi biyu cikin uku ne zai tafi. Rahoton 2023 ya ƙara da cewa narkewar tsakanin 2011 da 2020 ta fi ta shekaru goman da suka gabace su sauri da kashi 65 cikin 100. Ma'anar wannan ga manomi ita ce, ruwan koguna zai ƙaru har zuwa wajen tsakiyar wannan ƙarni, sa'an nan ya fara raguwa. Kwarin Indus, inda noman rani ya fi dogara da narkakkiyar ƙanƙara, shi ne zai fi jin jiki.

TAFKUNAN DA KE ƁALLEWA

Idan kogin ƙanƙara ya ja da baya, yakan bar tulin duwatsu da tsakuwa a bakinsa, ruwa ya taru a bayansu ya zama tafki. Wannan shinge ba ginin injiniya ba ne, saboda haka ɓaraguzan ƙanƙara ko na dutse da suka faɗo cikin tafkin suna iya fasa shi farat ɗaya. Cikin Yuli 1981 wani tafki ya ɓalle a Tibet, ruwan ya tsallaka iyaka ya karya gadar da ta haɗa Sin da Nepal. Ranar 4 ga Agusta 1985 tafkin Dig Tsho na yankin Everest ya fashe, ya lalata tashar lantarki ta Namche da ake gab da gamawa, ya tafi da gadoji 14. Cikin Oktoba 2023 tafkin Lhonak ta Kudu da ke jihar Sikkim ta Indiya ya ɓalle, ya rusa madatsar ruwa ta Chungthang, aka yi hasarar rayuka masu yawa.

Tun da rigakafi ya fi magani, an yi ƙoƙarin rage ruwan wasu tafkunan. A 2000 aka rage zurfin Tsho Rolpa da mita 3 da taimakon ƙasar Holan, a 2016 kuma sojojin Nepal suka haƙa magudana suka rage Imja da mita 3.4, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Binciken da aka buga a 2020 ya lissafa tafkuna 47 masu hatsari a kwarin kogunan Koshi da Gandaki da Karnali, waɗanda duk ta cikin Nepal suke bi. Daga cikinsu 21 ne kurum suke Nepal, 25 suna Tibet, ɗaya kuma a Indiya. Watau fiye da rabin hatsarin da ke fuskantar Nepal yana wajen iyakarta.

Akwai kuma wata dabara mai sauƙin kuɗi ta gargaɗin ambaliya. Akan kafa na'urar auna cikar ruwa a saman rafi, idan ruwa ya kai wani matsayi sai ta aika da alama zuwa gidan wani amintacce a ƙauyen, shi kuma ya buga waya ga ƙauyukan da ke gangare. An gwada ta a jihar Assam ta Indiya, sa'an nan a kogin Ratu da ke gangarowa daga Nepal zuwa jihar Bihar. A ambaliyar Agusta 2017, saƙon mutanen Nepal ya isa ga maƙwabtansu na Indiya sa'o'i kafin ruwan ya iso, suka sami damar kwashe yara da dabbobi zuwa tudu.

INDA GIZO KE SAƘAR

Duk da waɗannan nasarori, iyakar abin da masana za su iya yi yana hannun gwamnatoci. Ƙasashe da dama na yankin suna ɗaukar alƙaluman cikar koguna a matsayin asirin tsaro. A 2002 Sin ta amince ta dinga bai wa Indiya bayanin cikar Brahmaputra a lokacin damina, amma a 2017, shekarar da sojojin ƙasashen biyu suka yi cirko-cirko a Doklam, bayanin bai zo ba, sai a 2018 aka ci gaba. Yarjejeniyar ruwan Indus ta 1960, wadda ta tanadi musayar bayani tsakanin Indiya da Pakistan kuma ta tsallake yaƙe-yaƙe, Indiya ta ba da sanarwar jingine ta cikin Afrilu 2025. Ranar 8 ga Yuli 2025 kuma ambaliya ta tafi da gadar Rasuwagadhi da ke tsakanin Nepal da Sin, sai daga baya ne hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna cewa daga wani tafki da ke bisa kogin ƙanƙara a Tibet ruwan ya fito.

Ministocin ƙasashen takwas sun sa hannu a kan wata sanarwa cikin Oktoba 2020, suka yi alkawarin ƙarfafa haɗin kai da musayar bayani. Sai dai sanarwa ba doka ba ce. A nahiyar Turai, ƙasashen da ke kewaye da tsaunukan Alps suna da yarjejeniya mai ƙarfin doka wadda aka sa wa hannu a 1991, ta fara aiki a 1995. Ita kuwa Himalaya ba ta kai ga samun irin wannan ba. Ban da haka, kaso mai yawa na kuɗin bincike daga ƙasashen waje yake zuwa, kuma aikin awo da ke bukatar shekaru masu yawa ba ya jure yankewar tallafi.

KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata za a ga cewa haɗin gwiwar masana ya amfani yankin Himalaya ta hanyoyi uku. Ya wanke manomin tudu daga laifin da ba nasa ba, har aka mayar masa da dajinsa. Ya maye gurbin jita-jitar 2035 da alƙaluman da aka auna, waɗanda gwamnatoci za su iya tsara noma da madatsun ruwa a kansu. Ya kuma nuna cewa ana iya ceton rai idan labari ya riga ruwa isa gangare. Inda aikin ya gaza kuwa, galibi rashin yarda ne tsakanin hukumomi ya hana bayanin da ke hannu ya tsallaka iyaka.

Wannan darasi bai tsaya ga Asiya kaɗai ba. Mutanen kwarin Binuwai da suka ga ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ya ƙara wa ƙarfi, sun san darajar gargaɗi a kan kari. Ya rage ga jami'o'i da hukumomin ruwa na ƙasashen da suka haɗa kogi su kafa tashoshin awo a tuddan da kogunan ke tasowa, su riƙe su shekara da shekaru, su kuma amince cewa abin da aka auna a sama haƙƙi ne na wanda ke zaune a ƙasa ya sani.